Ƙa'idojin Saukar Baƙi da Hayar Ɗaki ta Ɗan Lokaci a Karkara: Misali Daga Maigatari

Gabatarwa

Maigatari gari ne a masarautar Gumel ta Jihar Jigawa. Yana bakin iyakar Nijeriya da Jamhuriyar Nijar, kuma shi ne hedikwatar ƙaramar hukumar da ke amsa wannan suna. Abin da ya fito da sunansa shi ne kasuwar dabbobi da ke ci kowace ranar Alhamis. Tun daga Laraba garin yake fara cika da masu raƙuma da shanu da tumaki daga wajen Dungas da Magarya da Damagaram, da masu saye daga Kano da kudancin ƙasar nan, da direbobin manyan motoci da yaransu, da 'yan koli da 'yan dako. Kafin a sauko daga Juma'a mafi yawansu sun watse. To, ina waɗannan mutane suke kwana? Wa ke da alhakinsu a cikin kwanakin nan biyu? Wace ƙa'ida ce kuma take tafiyar da lamarin?

Waɗannan tambayoyi ba na Maigatari kaɗai ba ne. Duk garin da kasuwar mako ta fi ƙarfin gidajensa, kamar Gujungu da Wudil da Ɗambatta da Mai'aduwa, yana fama da su. An ɗauki Maigatari ne domin a can ake ganin al'amarin ƙarara, tun da baƙin nata har da na ƙetaren iyaka. Abin da wannan maƙala za ta yi ƙoƙarin nunawa shi ne, ƙa'idar da aka gada daga magabata ta rataya ne a wuyan mutum: kowane baƙo yana da mai masaukin da aka sani, wanda za a tuhuma in wani abu ya faru. Da aka fara sayar da kwana a ɗaki kamar yadda ake sayar da mudun gero, sai wannan igiya ta yi sako-sako, kuma har yau dokar da ke rubuce ba ta ɗaure ta ba.

Baƙo iri-iri ne

Bahaushe bai yi wa baƙi kuɗin goro ba. Akwai baƙon zumunci, wanda ya zo wurin ɗan'uwa ko aboki ko suruki. Shi wannan addini ya riga ya yanke masa haƙƙin liyafa na kwana uku, abin da ya haura haka kyautatawa ce daga mai gida. Akwai almajiri ko gardi, wanda yake sauka a tsangaya ko zauren malami, malamin ne kuma uban ɗakinsa. Akwai ɗan ci-rani, mai zuwa bayan an kawar da amfanin gona, ya yi wata uku ko huɗu yana ga-ruwa ko dako ko yankan farce, ya koma gida da faɗuwar ruwan fari. Akwai baƙon sarauta, wanda fada take nema wa masauki a kuma aika masa da akushi. Sai kuma baƙon kasuwa, wato falke ko mai dabba, wanda zamansa bai wuce kwana ɗaya zuwa mako ba, amma dukiya mai yawa ce a hannunsa.

Kowane ɗaya daga cikinsu akwai wanda za a nuna a ce baƙon wane ne. Shi ya sa bayan gaisuwa, tambayar farko da dattijon ƙauye yake yi wa sabuwar fuska ita ce, "Malam, wurin wa ka sauka?" Wanda ba shi da amsa ba a korarsa. Ana yi masa jagora zuwa ƙofar mai unguwa, ya kwana a zaurensa ko a masallaci, gari ya waye ya faɗi inda ya fito da inda ya dosa. Ginin gidan Bahaushe ma ya tanadi wannan: zaure da ɗakunan ƙofar gida na samari da baƙi ne, daga shigifa zuwa ciki kuwa ba a shiga sai muharrami.

Fatoma

A cikin duk waɗannan, baƙon kasuwa ne saukarsa ta zama sana'a, mai sana'ar kuwa shi ake kira fatoma. A wasu wurare, musamman zangunan Hausawa na ƙasar Yarabawa da Gana, mai gida kawai ake ce masa.

Sana'ar tsohuwa ce a wannan yanki. Baturen nan ɗan ƙasar Jamus, Heinrich Barth, wanda ya yi yawo da sunan Abdulkarim, ya ratsa Gumel a watan Maris na shekarar 1851 a kan hanyarsa daga Kano zuwa Kukawa, ya kuma bayyana garin a matsayin babbar mahaɗar cinikin kanwa tsakanin ƙasar Barno da ƙasashen yamma da kudu. Ayari in ya iso, talakawan ayari da jakai da takarkarai suna yada zango a bayan gari, su kafa bukkoki. Madugu da manyan fatake kuwa suna shiga gari, kowa ya nufi gidan fatomansa, wanda sau da yawa shi ne fatoman mahaifinsa ma. Gadon baƙi ake yi kamar yadda ake gadon gona.

Abin da ke ba wa 'yan zamani mamaki shi ne, fatoma ba ya karɓar kuɗin ɗaki. Yana ba baƙo wurin kwana da tabarma da ruwa, da tuwon dare, da garka ko turken ɗaure dabba, duk ba tare da an yi ciniki ba. Ribarsa tana cikin la'ada. Baƙon da ya sauka a gidansa ba zai sayar da hajarsa ba sai ta hannunsa ko ta hannun dillalan da ke ƙarƙashinsa, in an yi ciniki a cire la'ada, sannan in baƙo zai tafi ya yi wa gidan alheri gwargwadon yadda kasuwa ta yi masa. Ke nan ɗakin ƙugiya ce, kifin yana kasuwa. Wannan ne ya sa fatoma yake ɗokin sanin baƙonsa ciki da bai. Wanda abincinsa yake cikin cinikin da za ka yi, da wanda za ka dawo ka yi baɗi, dole ya san ko kai wane ne.

Nauyin da ke kansa kuwa ya fi na ba da makwanci nesa ba kusa ba. Shi ne ma'ajin baƙo, domin a hannunsa ake barin kuɗi da kaya. Shi ne tafinta in baƙon Buzu ne ko Babarbare ko Bafillatanin da Hausa ba ta zauna masa ba. Shi ne yake sanin wane mahauci ne ke biya, wane ne kuma ke taurin bashi. Mafi girma duka shi ne lamuni, kuma lamunin nan fuska biyu gare shi. Yana lamunce wa mai saye cewa dabbar ba ta sata ba ce, ta yadda in mai ita ya biyo sawu bayan mako biyu, ƙofar fatoma za a zo, ba za a tafi neman wanda ya riga ya ƙetare iyaka ba. Yana kuma lamunce wa mai sayarwa cewa kuɗinsa za su fito in an ɗauki dabba bashi. Wani masanin zamantakewa mai suna Abner Cohen, wanda ya zauna da Hausawan unguwar Sabo ta Ibadan a farkon shekarun 1960 ya kuma fitar da littafinsa a 1969, ya nuna cewa cinikin shanu a can kusan duk a kan bashi yake tafiya, kuma masu gida ne ginshiƙinsa: su ke saukar da masu shanu daga arewa, su ke tsaya musu a kan bashin da mahauta suka ɗauka. Polly Hill ta ga irin wannan tsari a kasuwar shanu ta Kumasi. Abin da suka rubuta a can, daga garuruwa irin namu aka tafi da shi.

In baƙo ya kwanta ciwo, fatoma ne mai jinya. In rai ya yi halinsa, shi ne zai sanar da mai unguwa, a yi sutura, a ƙirga abin da mamacin ya bari a gaban shaidu, a ajiye har magada su zo ko alƙali ya yi umarni.

Shi ma baƙo akwai abin da ke kansa. Ba ya wuce iyakar da aka yi masa a gida. Ba ya kawo wani ya kwana ba da sanin mai gida ba. Ba ya zagayawa ya yi ciniki a ɓoye don ya guje wa la'ada. Wanda aka kama da haka labarinsa yakan riga shi isa kasuwa ta gaba. A tsakanin masu sana'ar kuma, babban laifi ne mutum ya tare baƙon wani a hanya ya janye shi gidansa. Irin wannan ƙara ba ta cika zuwa gaban alƙali ba, shugabannin kasuwa ne suke kashe ta, domin kowa ya san in aka bar ta gobe a kansa za ta faɗo.

Daga fatoma magana takan hau zuwa mai unguwa, daga shi sai dagaci, sai hakimi, sai sarki. Ba kowane mai tunkiya biyu ake kai sunansa fada ba, ba shakka. Amma baƙon da ya zo da dukiya mai yawa, ko da makami, ko wanda kasuwa ta tashi bai tashi ba, wajibi ne mai masaukinsa ya kai labarinsa.

Abin da shari'a ta tanada

Al'adar nan ba ta yi karo da littattafan da alƙalanmu suke hukunci da su ba, wato Risala ta Ibn Abi Zaid da Muhtasar na Halil da sharhohinsu. A mazhabar Malikiyya haya tana inganta ne in an san kuɗinta an kuma san muddarta. Malamai sun bambanta hayar da aka yanke wa wa'adi, wadda ta zama tilas a kan ɓangarorin biyu har wa'adin ya cika, da wadda aka ƙulla a kan kaza duk wata ko kaza duk kwana ba tare da an faɗi ƙarshe ba. A wannan ta biyun kowa yana iya janyewa, sai fa gwargwadon abin da aka riga aka biya. Kayan da aka ba mutum ajiya amana ne, ba ya biya in sun salwanta sai in an tabbatar da sakaci ko ƙetare iyaka. Wanda kuwa ya tsaya wa wani a kan bashi, to ya ɗauka wa kansa biya. Da waɗannan ƙa'idoji uku, na haya da ajiya da lamuni, alƙalin karkara yake iya warware kusan duk rigimar da za ta taso tsakanin baƙo da mai masaukinsa.

Zamanin En'e da bayansa

Turawa ba su rushe wannan tsari ba, sun ma ɗora masa wani sabon nauyi. Don jami'ansu masu rangadi sun sa an gina bariki a garuruwan hakimai, wanda shi ne masaukin hukuma na farko a karkara. Ga sauran jama'a kuwa, abin da ya ƙara ɗaure lamarin shi ne haraji. Kowace shekara mai unguwa da malamin haraji suna bin gida-gida suna rubuta duk namijin da ya isa biya. Saboda haka mai unguwa yana da dalili na kansa na sanin wa ya shigo, wa ya fita, wane ɗan ci-rani ne damina ta riske shi har ya nemi gona. Wanda ya ɓoye baƙo ya ɓoye kuɗin En'e ne, kuma akwai 'yan doka da kotun alƙali da gidan yari, duk a hannun sarki. Jirgin ƙasa da ya isa Kano a 1911, ya kuma miƙa zuwa Nguru a 1930 ta Ringim da Gagarawa, ya rage tafiyar ayari, amma bai taɓa fatoma ba, domin mai shanu yana nan yana bukatar mai tsaya masa.

Sauyin ya zo ne daki-daki. A ƙarshen shekarun 1960 gwamnatin soja ta karɓe kotuna da gidajen yari da 'yan doka daga hannun En'e. Gyaran ƙananan hukumomi na 1976 ya mayar da mulkin karkara hannun majalisu, sarakuna suka koma masu ba da shawara. A 1979 kuma Gwamna Muhammadu Abubakar Rimi ya soke haraji da jangali a tsohuwar Jihar Kano, wadda ƙasar Gumel take cikinta har zuwa ƙirƙiro Jigawa a 1991. Talakawa sun yi murna, kuma suna da hujja, don an sha azaba a kan haraji. Sai dai tare da harajin aka binne ƙidayar shekara-shekara, ba a kuma kawo wani abu a madadinta ba. Rikicin Maitatsine na Disambar 1980 a Kano ya sa an yi ta tambayar yadda aka yi ɗimbin baƙi suka taru a unguwa guda, amma da ƙura ta lafa sai aka koma gidan jiya.

Halin da ake ciki

Fatoma bai mutu ba. Har yanzu a karar Maigatari da wuya baƙo ya sayar da babbar dabba ba tare da wani ɗan gari ya tsaya masa ba. Amma ayyukansa sun rarrabu. Banki da masu POS sun karɓe ajiya. Wayar hannu ta sa mai saye yana jin farashi tun yana gida. Babbar mota ta mayar da zaman mako ya koma kwana ɗaya. A gefe guda kuma an samu masu gina jerin ɗakuna don haya zalla, a bakin tasha ko bayan kasuwa, ana biya a kwana ko a mako. Mai ginin sau da yawa yana Kano ko Dutse ko Abuja, ya bar wani yaro yana karɓar kuɗi yana miƙa makulli. Yaron nan ba shi da la'ada a cinikin baƙo, ba ya sa ran ganinsa baɗi, ba kuma shi za a kama in dabbar sata ce. Me zai sa ya tambaye shi daga ina?

In aka juya ga dokar da ke rubuce, sai a ga ta tsallake wannan gurbi. Dokokin karɓar gida daga hannun ɗan haya sun yi maganar wa'adin da za a ba shi: mako ga mai biya a mako, wata ga mai biya a wata, wata shida ga mai biya a shekara, sannan a ƙara masa kwana bakwai kafin a je kotu. Wannan kariya ce ga mazaunin gida, ba ta ce komai ba a kan mai kwana biyu. Jadawali na huɗu na Tsarin Mulkin 1999 ya ba ƙananan hukumomi kula da kasuwanni da tashoshin mota da mayanka, da shaguna da gidajen abinci, da sanya wa gidaje lamba da ƙiyasta musu kuɗin shiga, amma bai ambaci masaukin baƙi ba. A 2013 Kotun Ƙoli, a shari'ar da aka yi tsakanin Gwamnatin Tarayya da Jihar Legas, ta yanke cewa ba da lasisin otal da sa masa ido hurumin jiha ne. To, amma jami'in jiha da ke zaune a babban birni, yaushe zai san ɗaki shida da ke bayan kara a wani ƙauye? Wanda ya san su shi ne mai unguwa, shi kuwa Tsarin Mulki bai ko ambaci sunansa ba.

Tun bayan hare-haren da aka kai Kano a watan Janairun 2012, da kuma yaɗuwar satar shanu da garkuwa da mutane a arewa maso yamma, masarautu sun sha ba da umarnin kada a ba baƙo haya ko a sayar masa da gida sai da sanin mai unguwa. Umarnin daidai ne, tsohuwar ƙa'ida ce aka tono. Rauninsa shi ne ba shi da haƙori, kuma an ɗora shi a kan mutanen da abin da ake ba su bai taka kara ya karya ba. Inda ba a yi hattara ba, sai ya rikiɗe ya zama hanyar karɓar na goro, ko ya zama sandar dukan wasu ƙabilu, a tsare Bafillatani ko Buzu da tambayoyi a ƙyale mai babbar riga ya wuce. Ya kamata a tuna cewa sashe na 41 na Tsarin Mulki ya ba kowane ɗan ƙasa 'yancin zuwa da zama a duk inda ya so, kuma garin kasuwa da ya tsangwami baƙi kansa ya yi wa. Mutanen Maigatari sun ɗanɗana rashin baƙo lokacin da aka rufe iyaka daga Agustan 2019 zuwa Disambar 2020, da kuma bayan juyin mulkin Nijar na Yulin 2023 har zuwa Maris na 2024.

Ba mu kaɗai ke wannan lissafi ba. Tun da kamfanin Airbnb ya buɗe hanyar hayar ɗaki ta intanet a 2008, birane da ƙauyukan yawon buɗe ido a Turai da Amurka suke kokawa da gidajen da masu su ba sa nan, baƙi na shiga suna fita. Dokar da birnin Niyok ya fara aiki da ita a Satumbar 2023 ta ce duk mai ba da hayar da ba ta kai kwana 30 ba sai ya yi rajista, sai yana zaune a gidan tare da baƙinsa, kuma kada su wuce biyu. Duk wanda ya san fatoma zai gane abin da suke lalube.

A ganina, in majalisar ƙaramar hukuma za ta yi wa wannan harka dokar cikin gida, to ta fara da raba gida biyu. Mutumin da yake saukar da baƙi a ƙofar gidan da yake kwana a ciki, kamar yadda ubansa ya yi, bai kamata a ɗora masa lasisi da kuɗin fom ba. Ya isa a san shi a rubuta sunansa. Mai jerin ɗakunan da ba ya gari kuwa, a wajabta masa ya gabatar da wani baligi mazaunin unguwar, wanda mai unguwa ya sani, a rubuta cewa shi ne mai amsa tambaya a kan duk wanda ya kwana a wurin. A ajiye littafi a ƙofa, a rubuta sunan baƙo da garinsu da lambar wayarsa da wanda ya zo wurinsa a kasuwa. Wanda ya zo daga ƙetare ba shi da katin ɗan ƙasa, shaidar dillalinsa ta wadatar, tun da dama shi ne zai tsaya masa a kan dabbar. Mai unguwa ya duba littafin ranar Juma'a bayan kasuwa ta watse, ladan wannan aiki kuma ya fito daga kuɗin shigar da ƙaramar hukuma take tarawa a kasuwar ranar Alhamis, kada ya fito daga aljihun baƙo.